Littattafan NALAP da Yaron da Aka Manta

A zamaninmu a makarantar mishan, malam yakan karanta layi ɗaya na Turanci, mu kuwa mu maimaita da ƙarfi har mu haddace. Na iya rera shafi guda da ka tun ban san ma'anar kalma biyar a ciki ba. Shi ya sa na zauna na duba littattafan shirin NALAP da idon wanda ya sha wannan wahala.

Ga yadda abin ya faro. A 2002 gwamnatin Gana ta ce a koyar da yara da Turanci kaɗai tun daga aji ɗaya. A 2007 aka janye wannan doka, sa'an nan a 2010 NALAP ya shiga makarantu. Manufarsa ita ce yaro ya fara karatu da harshen gida, a riƙa ƙara masa Turanci kaɗan kaɗan, har su zama rabi da rabi a aji uku. Aka buga manyan littattafai masu hotuna, da hotunan bango domin hira, da jagorar malami, cikin harsuna 11.

Dole in yaba abu biyu. Na fari, yaro yana jin Turanci da kunne, yana faɗinsa da baki, kafin a ce ya karanta shi. Na biyu, yana koyon haɗa baƙaƙe cikin harshen da ya sani. Wannan daidai ne, gama Turanci yana da baƙaƙe 26 amma sautukansa sun haura 40, harsunanmu kuwa yadda aka faɗa haka ake rubutawa. Ƙungiyar School for Life ta nuna haka a arewacin Gana tun 1995: cikin wata tara yaran ƙauye sukan iya karatu da harshensu.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Hausa ba ta cikin harsunan nan 11. A Tamale, Dagbanci ne harshen aji. Ga ɗan Dagomba wannan alheri ne. Yaron da ya tashi da Hausa a gida fa? An ce a bi da shi daga abin da ya sani zuwa abin da bai sani ba, sai ga shi yana ɗauke da baƙin harsuna biyu a kai. Littafin kuma bai san matsalarsa ba. Dagbanci yana da sautin p da na v, Hausa ba ta da su. Saboda haka littafin ya wuce wurin da sauri, alhali nan ne ɗan Bahaushe yake tuntuɓe, yana sa f ko b a madadinsu.

Aibi na biyu, jagorar ta ɗauka malamin ya iya karanta harshen garin. Sau da yawa akan turo malami daga kudu wanda bai ji Dagbanci ba, sai ya rufe babban littafin ya koma ga maimaici irin na dā. Gwajin karatu na ƙasa na 2013 ya nuna yaran aji biyu da suka iya karatu sosai da fahimta ba su wuce kashi 2 cikin ɗari ba. Ban ɗora wa littattafan laifin duka ba, amma littafin da ke kulle a kabad bai taɓa koya wa kowa kome ba.

A Oktoba 2025 ministan ilimi, Haruna Iddrisu, ya sake umartar a koyar da ƙananan yara da harshen gida. Madalla. Sai dai a tambaya: gidan wa?

'Yan'uwa iyaye a Kukuo, kada mu zauna jiran Akara. Wanda ya iya karatun Hausa, ya koya wa ɗansa da yamma, minti goma ma ya isa. Ya sa shi ya ba da labarin darasin Turanci da Hausa. In ya iya bayyana shi, ya gane. In rerawa kawai yake yi, to, da sauran aiki.