Ƙarar Inji da Zuciyar Mai Kallo: Bitar Littafin Signal and Noise

Littattafan da ke bayani a kan yadda na'ura ke juya tunanin ɗan Adam, yawancinsu a Amurka suke farawa, a can kuma suke ƙarewa. Shi ya sa na riƙe Signal and Noise hannu bibbiyu. Brian Larkin, masanin al'adun al'umma da ke koyarwa a Jami'ar Columbia, shi ya rubuta shi, maɗaba'ar Jami'ar Duke ta buga shi a 2008. Kano ce filin aikinsa: rediyonta, majiginta, gidajen silimanta da kasuwar kaset ɗinta.

Abin da ya fara kama ni shi ne tambayar da ya sa a gaba. Abin da rediyo ya faɗa ko labarin da ke cikin fim bai dame shi sosai ba. So yake ya san me mutum ya ji a ransa ranar da ya fara arba da abin. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe aikin ruwan famfo da wutar lantarki a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Larkin ya nuna cewa Turawan mulkin mallaka ba sa barin irin waɗannan ayyuka su shigo a ɓoye. Sai an yi biki, an tara sarakuna, an cika wa talaka ido, don ya koma gida yana jinjina ƙarfin Bature. Kwarjini ake fara sayarwa, amfani ya biyo baya. Duk wanda ya taɓa kallon yadda ake ƙaddamar da gadar sama a yau zai gane cewa darasin bai ɓata ba.

Babin majigi shi na fi komawa gare shi. Mota ta shigo gari da yamma, a kafa allo a fili, a nuna fim ɗin tsafta ko na noma kyauta, mai bayani yana fassarawa da lasifika. William Sellers, jami'in kiwon lafiyar da ya shugabanci sashen fina-finan mulkin mallaka daga 1939, ya yi imani cewa sai an ja fim a hankali, ba dabarun kyamara, kafin Ba'afirke ya fahimta. Na ji daɗi da Larkin bai tsaya yi masa dariya ba. Ya ajiye majigin hukuma a gefe guda, silimar kuɗi a ɗaya gefen, inda samari ke biya da kansu su kalli fina-finan Indiya da na Amurka, ya bar mai karatu ya ga wanda ya fi shiga zuciya. Silimar Rex ta buɗe a 1937. A 1951 gobarar silimar El Duniya ta ci rayuka 331, mutane da yawa suka ɗauke ta hukuncin Allah a kan wurin 'yan iska. Tsoro da sha'awa a ɗaki guda suka kwana, kuma marubucin bai raina ko ɗaya ba.

Sai maganar kasuwar Ƙofar Wambai da kwafar kaset. A nan alƙalaminsa ya fi kaifi. A wancan lokacin kaset a kan kaset ake kwafa, har fuskar jarumi ta dushe, launi ya zube, murya ta riƙa shiii, ga NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar waƙa. Larkin ya ce wannan lalacewar ba tangarɗa ba ce kawai, ita ta horar da idon mai kallo da kunnensa, ta koya masa jira da gyara. Kuma hanyar da 'yan kwafa suka shimfiɗa ita fina-finan Hausa suka bi suka shiga ƙauyuka.

Amma littafin yana da nauyi. Turancinsa na malaman jami'a ne, wani lokaci sai ka bi ta kan Walter Benjamin da wasu masana Turai kafin ka dawo Kano. Na kuma so in ƙara jin muryar mata, tunda su ne bidiyo ya kai wa fim har tsakar gida bayan silima ta zama wurin da ba sa zuwa. Ya taɓo su, amma bai daɗe a wurinsu ba. Kasancewar binciken na gabanin Facebook da WhatsApp ne ba laifinsa ba ne.

Duk da haka, ban ga ɗalibin aikin jarida ko mai shirya fim a Kannywood da zai karanta shi ya tashi hannu rabbana ba. Ina kira ga malaman Hausa na Jami'ar Bayero da su duba yiwuwar fassara shi, ko da babin majigi da na Ƙofar Wambai ne.