Jinjina ga Ma'aikatan Jinya na Babbar Ruga

Macen da ciwon yoyon fitsari ya kama, kafin ta iso asibiti ta riga ta ɗanɗana kuɗarta. Yawanci doguwar naƙuda ce ke jawo shi, sau da yawa jaririn bai zo da rai ba, ga kuma ƙyamar jama'a. Shi ya sa take shigowa a tsorace, kai a sunkuye, tana kaffa-kaffa da zaninta.

A cibiyar Babbar Ruga da ke Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana tiyatar yoyon fitsari, aikin farko na ma'aikatan jinya shi ne kwantar mata da hankali. Nas za ta ja labule, ta ce, "Sannu baiwar Allah, kin yarda in duba ki?" Ta canza mata shimfiɗa ba tare da yatsine fuska ba. Kafin tiyata a yi mata bayani da Hausa dalla-dalla: wurin da za a ɗinke, da dalilin robar fitsarin da za a bar mata na kwanaki. Sai ta amince sannan a taɓa ta.

Wannan haƙƙinta ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta rufe sirrin majiyyaci, kundin haƙƙin majiyyata na 2018 kuma ya jaddada neman izininsa da mutunta shi.

Ku masu riƙe wannan amana, Allah Ya saka muku da alheri. Hukumomi kuma su riƙa biyan ku haƙƙinku a kan kari.