Ba waya ce kaɗai ke jan kulocin ba

A fadamun Bagudo da ke bakin kogin Kwara, da kan hanyar Tsamiya zuwa Segbana ta Jamhuriyar Benin, kebur na cikin abubuwan da suka fi lalacewa a jikin injin huɗa na hannu da babur. Idan kuloci ya yi tauri, gyaran da aka saba shi ne a zare wayar ciki, a zura sabuwa a tsohon kube, a ɗiga baƙin mai. Gaskiya wannan rabin gyara ne.

Wannan nau'in kebur sunan Ernest Bowden yake ɗauke da shi, wanda ya yi rajistarsa a Ingila a 1896, aka kuma fara cin moriyarsa a birkin keke. Abu biyu ne ke aiki tare. Wayar ciki ja kawai take iyawa, ba ta turawa, shi ya sa sifirin ke mayar da ita idan ka saki hannu. Kuben kuwa ƙarfe ne da aka nannaɗe, yana lanƙwasa amma ba ya matsewa a tsawonsa. Da yake an kafe bakinsa biyu, duk abin da ka ja a hannu sai ya isa can wurin kulocin. In kuben ya fashe ko bakinsa ya zame daga mazauninsa, jan naka a matse kuben zai ƙare, ko da wayar sabuwa ce fil.

Sai batun lanƙwasa. Gogayyar waya da kube ninkuwa take yi da yawan kwana. Ɗauki ma'aunin gogayya 0.2: kwana na digiri 180 zai cinye kusan rabin ƙarfin hannunka. Ka ga bakaniken da ya sa kebur mai tsawo fiye da kima ya naɗe rarar, wahala ya ƙara wa manomi.

Baƙin mai ma sauƙin 'yan kwanaki ne. Yana kama ƙurar hunturu da yashin fadama, su zama kamar sanfefa a cikin kuben.

Ba laifin bakanike ba ne shi kaɗai. Waya ta fi cikakken kebur araha, kuma manomi na lissafin kuɗin fetur da taki. Amma a injin huɗa, kulocin da bai saki ba yana nufin wuƙaƙen na ci gaba da juyawa kusa da ƙafar mutum a cikin taɓo.

Don haka kafin ka biya kuɗi, kwance kebur ɗin daga bakinsa biyu, ka ja wayar da yatsu. In ta ƙi zamewa cikin sauƙi, ko ka ga tsatsa da tsagewa a kuben, a canza su duka biyun.