'Yan Matan Natitingou da Kundinsu na 2020

Idan aka tambaye ni kundin waƙoƙin da ya fi zama mini a rai cikin 2020, shekarar korona, ba sai na yi dogon tunani ba. Na 'yan matan Star Feminine Band ne, wanda suka raɗa wa sunan ƙungiyarsu. Daga nan Djougou zuwa garinsu Natitingou, duk a arewacin Benin, tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, amma sai da faifan ya zagaya ta Faransa kafin ya iso kunnena, a wayar wani ƙanena, cikin hunturun ƙarshen shekarar.

Asalin abin a 2016 ne. Wani makaɗi, André Baleguemon, ya sa aka yi shela a gidan rediyon Nanto FM cewa zai koya wa 'yan mata kiɗa kyauta. Waɗansu daga cikin waɗanda suka amsa kiran daga ƙauyukan kewaye suka fito, ba su taɓa riƙe jita ba. Aka tace, aka samu bakwai, har da 'ya'yansa biyu. Daga baya wani Bafaranshe mai ɗaukar sauti, Jérémie Verdier, ya ji su, aka ɗauki waƙoƙin a can Natitingou, kamfanin Born Bad Records ya fitar da su a watan Nuwamba 2020. Ƙaramin kamfani ne mai cin gashin kansa, wanda aka fi sani da kiɗan rok na samarin Faransa da kuma sake fitar da tsofaffin waƙoƙin Francis Bebey na Kamaru. A lokacin fitowar kundin ƙaramar 'yan matan tana da shekara 10, babbarsu 17.

Jaridun Turai sun fi mayar da hankali kan wannan labari, yara mata daga arewacin Benin sun kafa ƙungiya. Labarin mai daɗi ne, amma ni abin da ya riƙe ni hannuwansu ne. Saurari "Peba". Jita tana tafe da ɗan gajeren salo, tana maimaita shi ba ta gajiya, mai kiɗan bes tana biye da ita a ƙasa kamar mai riƙe da ragamar doki, ganguna kuma suna cika tsakani ba tare da sun danne kowa ba. Sai muryoyi su faɗo gaba ɗaya, ɗaya ta ba da waƙa saura su karɓa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gefen dandali da farin wata yana jin 'yan mata suna gaɗa zai gane wannan amshin nan take. Abin da ya canja kawai shi ne an ɗora shi a kan kayan lantarki, an haɗa da ɗanɗanon hailaif na Gana da rumbar Kwango, irin haɗin da ƙungiyar Super Borgou ta Parakou ta yi suna da shi a shekarun 1970.

Ba a goge sautin ba, kuma na gode da haka. Kana jin ɗakin da suke ciki. Wani lokaci murya takan ɗan kauce, ko ganga ta ɗan yi gaggawa kafin ta dawo sahu. Kunnenmu ya saba da waƙoƙin sitidiyo inda kwamfuta ke buga komai, ta miƙe muryar mawaƙi har ta zama kamar an ja ta da zare. Bayan shekaru ana jin haka, mutum yakan manta yadda kiɗa yake idan mutane bakwai ne ke sauraren juna suna gyara wa juna tafiya.

Akwai wani abu kuma da Bahaushe zai lura da shi. A wurinmu mata ba baƙin kiɗa ba ne: ga shantu, ga ƙwarya ta amada, ga marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa da ta girgiza gidajen biki shekara da shekaru. Sai dai an raba kaya, kalangu da ganga da goge an bar wa maza. Waɗannan yara sun zauna bayan ganguna, sun rataya jita, kamar yadda Fatou Seidi Ghali ta Les Filles de Illighadad ta yi a Nijar, kuma ba a jin alamar neman izini a bugunsu.

Inda nake da ƙorafi shi ne kalmomin waƙoƙin Faransanci. "Femme Africaine" kiɗanta na da kyau, saƙonta na ƙarfafa wa mace gwiwa gaskiya ne, amma lafazin ya yi kama da abin da ake rubutawa a allon taron wayar da kai. Kana jin hannun malami a ciki, domin shi ke tsara waƙoƙin. Da zarar sun koma harsunan gida, irin su Waama, sai harshe ya saki, kalma ta hau kan kiɗa daidai, ko ba ka jin yaren za ka ji cewa maganar tasu ce. Mu mutanen Djougou, da garinmu ya zauna a kan tsohuwar hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja, mun saba da kasuwar da ake ciniki da Dendi da Yom da Hausa da Fillanci a rumfa ɗaya, don haka sauya harshe daga waƙa zuwa waƙa bai zame mana baƙon abu ba.

Waƙoƙi takwas ne kacal a kundin, ana gama su kafin mota ta kai Natitingou. Sun fitar da kundi na biyu, In Paris, a 2022, bayan sun hau dandamalin bikin Trans Musicales na birnin Rennes a 2021. Hannunsu ya ƙara faɗawa a cikinsa, sautin ya fi tsabta. Duk da haka na farkon nake komawa gare shi, musamman "Peba", wadda ƙanen nawa ya gaji da roƙon da nake yi masa ya maimaita, har ya tura mini ita a tawa wayar.