Wa Ke Duba wa Alaramma? Rubutun Barnawi da Gajiyar Mai Aiki Shi Kaɗai

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin wasu 'yan boko, har da wasu malaman Islamiyya, wai rubuta Alƙur'ani da hannu ya zama ɓata lokaci. Hujjarsu ita ce tun da aka buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina a 1984 ake buga miliyoyin kwafi masu tsabta, har da na riwayar Warshu da muka tashi da ita, to me zai sa mutum ya duƙa wata da watanni a zaure a Gwange ko Shehuri a Maiduguri yana kashe idonsa? Sukan ƙara da cewa ai marubutan da kansu suke ajiye alƙalami, ba wanda ya kore su. Suna ajiyewa kam, wannan ba ƙarya. Amma masu maganar sun ɓata wajen dalili. Injin bugu ya daɗe a ƙasar nan bai kashe sana'ar ba, hasali ma Sharif Bala Gabari na Kano, wanda ya rasu a 2014, da injin aka yaɗa hannunsa har ya shiga kowace kasuwa. Abin da ke karya marubucin Yerwa, wato Maiduguri, shi ne an bar masa aikin mutum huɗu ko biyar shi kaɗai.

Tarihin sananne ne, ba sai na ja shi ba. Daga Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15 aka kuma rusa a 1808, ilimin ya koma Kukawa bayan Shehu El-Kanemi ya gina ta a 1814, Rabeh ya ƙone ta a 1893, sannan Shehu Garbai ya zauna a Yerwa a 1907. Duk inda fada ta koma, gwanaye sun bi ta da gafakarsu. A ƙarshen shekarun 1950 wani Bature, A.D.H. Bivar, ya ɗauki hoton wasu tsofaffin Alƙur'anai na Borno, ɗaya yana ɗauke da shekarar 1080 ta Hijira, wato 1669, da fassarar tsohon Kanembu tsakanin layuka, wadda Dmitry Bondarev ya shafe shekaru yana nazari a kanta daga baya. Masana suna ta jayayya ko hannun Barnawi daga tsohon rubutun Ifriƙiyya ya fito ko kai tsaye daga Kufi. Su ƙarata. Ni abin da ya dame ni yadda aka tsara shafin.

Ɗauki warƙa ɗaya ta Alƙur'anin Borno ka ɗaga ta ga haske. Abu na farko, ba a ɗinke take ba. Littafin gaba ɗaya warƙoƙi ne a sake, an jera su tsakanin tadarishi biyu, an naɗe da fata, an saka a gafaka. Baƙo yana ganin haka ya ce talauci ne ko rashin sanin ɗinkin littafi, alhali mutanen da suka iya ɗinka sirdi da kube ba ɗinka takarda zai gagare su ba. A ƙasan bayan kowace warƙa, can a kusurwar hagu, marubuci yana sa kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Da wannan 'yar kalma ake mayar da littafi daidai in iska ta watsa shi. Amfaninta ya wuce nan. In aka sami kuskuren da kankarewa ba za ta gyara ba, sai a zare warƙar ita kaɗai, a sake rubuta ta, a mayar, sauran ɗaruruwan ba abin da ya taɓa su. Kuma ana iya raba izu goma ga wannan gwani, goma ga wancan, kowa ya tafi gida da nasa ya duba, a haɗo ranar Alhamis.

Abu na biyu launi. Marubuci yana fara zuba baƙaƙe zalla da yambar, tawadar da ake dafawa da bagaruwa da kashin maƙera, wadda ke kama takarda ta ƙi gogewa. Fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, nun ta ƙarshen kalma ba ɗigo. Sai an gama wannan a dawo da ja a yi wasali, a sa alif ja a inda rasmu ya sauke alif amma baki ke furta shi. Sai ɗorawa ga hamzar da ake furtawa, kore ga wadda ake sadarwa. Sai alamar aya, da ta kowace aya biyar, da kurin aya goma, da da'irorin sumuni da rubu'i da nisfi da izu a gefe, da na sujada. Can ƙarshe mai zayyana ya cika manyan shafukan da ke raba littafin huɗu, a farkon Baƙara da A'arafi da Maryam da Sad.

Masu yawon buɗe ido da masu gidajen tarihi zayyanar nan suke so, ita suke ɗauka hoto. Ni kuwa ita ce ta fi ƙaramin muhimmanci a wurina. Hikimar tana ga rabuwar baƙi da ja. Duk abin da ke baƙi, ban da ɗigon baƙaƙe, rasmun Usmanu ne, ba a ƙara masa ba a rage, duk abin da ke da launi taimakon mai karatu ne da aka ɗora daga baya. Mai dubawa yana kallon shafi ya san nan take wane hawa na aikin yake bincika, ya kuma san hannun wa zai tuhuma. In ya ga alif baƙi inda ya kamata ya zama ja, laifin mai baƙaƙe ne, kuma babban laifi ne. In fataha ce ta zauna a wurin kisira, na mai wasali ne. Tun da an raba launi, an raba alhaki, kuma ana iya raba hannu. Wani ya yi baƙaƙe, wani wasali, wani zayyana, baduku ya yi gafaka.

Sai duba, wanda shi ne ƙashin bayan abin duka. Wanda ya taɓa zama a inda ake duba sabon kwafi ya san yadda wurin yake. Gwani na zaune a buzu, warƙa a hannunsa, ba ya ma karantawa da sauti, yatsa kawai ke tafiya. Sai ya tsaya.

"Alaramma, wannan rahama ɗin da ta kuri ka rubuta."

"Allah gafarta Malam, ba ta cikin bakwai ɗin."

"Sake ƙirgawa."

Marubucin ya runtse ido, leɓe na motsi, ya bi wuraren ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe ido ya miƙa hannu a ba shi warƙar. Kalmar rahama a wuri bakwai ake rubuta ta da buɗaɗɗiyar ta a cikin Alƙur'ani, ni'ima a wuri 11, sauran duka da ta kuri. Wannan ilimin ƙirge shi ne harji, kuma shi ya sa gefen tsofaffin kwafi ke cike da ƙananan rubutu masu cewa irin wannan kalma sau kaza ta zo, ga 'yan'uwanta. Masu cewa harji wasan ƙwaƙwalwa ne na mutanen da ba su san ma'ana ba, ba su gane aikinsa ba. Ma'auni ne da aka gina domin mutum na biyu ya iya kama kuskuren na farko ba tare da ya yarda da shi ido rufe ba, komai girman sunansa. Ko gangaran ne ya rubuta, sai an duba.

To yau fa? Mai sayen kwafi yana biyan kuɗi ɗaya, kuɗin da in aka raba wa mutum huɗu ba wanda zai sayi buhun gero. Saboda haka marubuci ya haɗe aikin. Shi ne mai baƙaƙe, shi ne mai wasali, shi zai zana da'ira, shi zai je Kasuwar Monday neman takarda, kasuwar da gobara ta cinye a Fabrairun 2023. Gwanayen da za su duba masa rikicin shekarun nan ya watsa su, wasu Kano, wasu Bauci, wasu sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuma suna neman abin kai wa baki. Sai ya duba wa kansa, alhali ido ba ya ganin kuskuren hannun da ya saba da shi. Ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumba 2024 ta shiga Gwange da kewayen fadar Shehu, unguwannin da marubutan ke zaune. Mutum ya gama wannan duka, sannan wanda bai taɓa feƙe alƙalami ba ya tsinci ɗigo ɗaya da ya ɓace ya yi ta yawo da shi. Yabo na Allah ne, zargi na marubuci. Maimadu Barma Mutai da Andrea Brigaglia sun bi yadda marubucin Borno Ka'ana Umar ya rubuta kwafi guda daga farko har ƙarshe, a wani littafi da ya fito a 2017, kuma mai karanta bayanin zai ga yawan matakan da ke cikin aikin da ake cewa "ai rubutu ne kawai".

Wannan ciwo ba na tsangaya kaɗai ba ne, kuma a nan nake so matasanmu masu rubuta manhajar kwamfuta a Maiduguri su saurara, su da suka koyi sana'ar da hasken sola lokacin da aka kakkarya turakun wutar hanyar Damaturu a 2021. Yawancin abin da intanet ke tsaye a kai buɗaɗɗiyar manhaja ce, wadda aka saki kyauta kowa ya karanta ya gyara ya yi amfani. Ana cewa idanu dubu na kanta. Sau da yawa ido biyu ne. Akwai wata ƙaramar manhajar matse bayanai mai suna xz, wadda kusan kowace na'ura mai Linux ke ɗauke da ita. Mutum ɗaya, Lasse Collin na ƙasar Finlan, ya riƙe ta fiye da shekara goma ba albashi. A 2022 wasu suka dame shi da ƙorafin yana jan ƙafa, har ya fito ya faɗa cewa yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta daɗe, kuma aikin nan na sa kai ne. Wani mai kiran kansa Jia Tan, wanda ya yi ta taimaka masa da ladabi, ya samu amana, ya zama abokin riƙo, sannan ya dasa ɓoyayyar ƙofa a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya tona asirin, bayan ya lura shiga wata na'ura ta SSH na ƙara kusan rabin daƙiƙa. Kafin wannan an yi Heartbleed a 2014, kuskure a OpenSSL da mutum ɗaya ya rubuta, mutum ɗaya ya duba, ya zauna fiye da shekara biyu, a manhajar da bankuna ke dogaro da ita amma gudummawar da take samu a lokacin ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba.

A rubutun Alƙur'ani da buɗaɗɗiyar manhaja duka, tsarin aikin na jama'a ne, an yi shi yadda za a rarraba a duba, sai jama'ar ta janye ta bar mutum ɗaya. Masu ba da shawarar ya huta, ya rage damuwa, ya koyi cewa a'a, ban ga abin da suka gyara ba. In ya huta wa zai riƙe?

Borno ta taɓa amsa wannan tambayar, da mahram. Takarda ce da Mai, wato sarkin Borno na da, ke ba malami da zuriyarsa, ta haramta wa hakimai taɓa dukiyarsu, ta ɗauke musu haraji da fita yaƙi da saukar da manzannin sarki. Mafi shahara ita ce wadda ake danganta wa Mai Umme Jilmi na ƙarshen ƙarni na 11 zuwa ga Muhammad bin Mani, ko da yake masana na da ja a kan shekarun kwafin da ya iso mana. H.R. Palmer ya tattara da dama, Hamidu Bobboyi ya yi nazarinsu a farkon shekarun 1990. Wasu na karanta mahram a matsayin cin hancin da sarauta ke toshe bakin malamai da shi. Akwai wannan, ban musa ba. Amma duba abin da takardar ke bayarwa. Ba ta sayen littafi, ba ta ce kawo kwafi goma a ba ka kaza. Lokaci take saya wa malami, kuma ba shi kaɗai ba, har garin da ya tara, shi ya sa aka sami ƙauyukan malamai inda mai rubutu da mai dubawa ke kwana a unguwa ɗaya. Jamus ta kafa asusun Sovereign Tech Fund a 2022 don biyan masu kula da irin su xz kuɗin kulawa da ingantawa, duniya na ta yaba mata. Sarakunan Borno sun riga ta da ƙarnoni.

Mu kuwa sabo muke so. Gwamnati za ta ɗauki nauyin musabaƙa, ta raba mota da kujerar Makka ga wanda ya yi na ɗaya, za ta shirya gasar ƙirƙirar manhaja ta kwana uku a otal, a ɗauki hoto a watse. Ban ƙi ba. Sai dai ba wanda ke ba da kyauta ga gwanin da ya zauna wata biyu ya tsamo kuskure 40 a kwafin wani, ko yarinyar da ke amsa ƙorafin masu amfani da allon rubutun Hausa da Kanuri na waya da tsakar dare.

Kirana ga Hukumar Ilimin Larabci da Tsangaya ta Jihar Borno shi ne ta yi rajistar gwanayen da suka iya duba, ta sa musu alawus na wata a kan dubawar kanta, ta kuma sa sharaɗin kada kwafi ya fita sai da sa hannun mutum biyu ban da marubucin. Cibiyar Nazarin Sahara ta Jami'ar Maiduguri tana da wurin da za a riƙa zaman. Hukumar fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta ware wani kaso na kuɗin gasa ta biya masu riƙe da manhajojin da hukumomi ke amfani da su kyauta. Kai kuma mai sayen kwafi don ɗiyarka ko masallacin unguwa, in Alaramma ya faɗi kuɗinsa, tambaye shi wa zai duba masa, ka biya wannan daban.