Jinjina ga Zumuntar Matan EYN

A watan Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga Chibok, galibinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN). Kafin Oktoba ya ƙare Boko Haram ta mamaye Kwarhi, hedkwatar ekklesiyar, shugabanni suka koma Jos. Duk da haka Zumuntar Mata ba ta ajiye tulun kiɗanta ba.

A gidan rasuwa ake sanin su. Za su iso da zanen zumunta iri ɗaya, wata da kwanon masara, wata da itace a ka, su zauna kusa da gwauruwa a tabarma. Ba sa gaggawar yi mata wa'azi. Sai an ɗora tukunya, an yi kuka an ƙoshi, sannan wata dattijuwa ta ɗauko waƙa cewa mulki na Allah ne. Ita ma fa ta binne nata, shi ya sa maganarta ke shiga.

Wannan bangaskiya ta fi ƙarfin a kira ta haƙuri kawai. Iyayenmu mata, sannunku da aiki, Ubangiji ya ƙara muku ƙarfi.