Kofin Yumɓu na Abuja da Randar Ladi Kwali

Wanda ya shiga gida a Wudil ya nemi ruwa, da moɗa za a ɗebo masa daga randa, ko da ƙoƙo, ko kofin roba. Maginanmu sun gwanance wajen tulu da randa da kasko, amma abin kai wa baki sun bar wa duma. Saboda haka kofin yumɓu baƙo ne a ƙasar Hausa, ya kamata kuwa a san hanyar da ya biyo kafin a yanke masa hukunci.

A 1952 wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja ta dā, watau Suleja. Can aka koya wa mutane gini a kan faifai mai juyawa, da shafa ruwan gilashi, da gashi a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Manyan randunanta su suka kai sunanta Ingila, hotonta ne kuma a bayan takardar naira 20.

To, a ganina an yabi abin da bai fi cancanta ba. Amfanin randa shi ne tsatsafowar da take yi, wadda ke sanyaya ruwa. Da aka shafe ta da gilashi sai ƙofofin yumɓun suka toshe, ta yi nauyi, ta daina sanyi, ta koma abin kallo kurum. Kofi kuwa wannan shafin shi ya raya shi: ba ya yoyo, ba ya riƙe wari, yana ɗaukar shayi mai zafi, a wanke shi ya fita tas.

Har wa yau kofi ya fi randa tona asirin magini. Ƙadangare ko kunamar da Ladi ke zanawa tana da filin miƙewa a cikin randa. A jikin kofi sai an taƙaita ta cikin 'yan layuka, in hannu ya yi rawa nan take a gani. Sa'an nan ga kaurin baki, ga mariƙi da ko ya karɓi yatsa ko ya matse shi. Waɗannan leɓe da tafin hannu ke auna su, ido ba ya iyawa. Abin takaici, kofunan Abuja da ke gidajen tarihin Turai suna cikin akwatin gilashi, an hana taɓa su.